Yadda ake kiran waya idan maganar mai nauyi ce

Mahaifiyata tana zaune a wani ƙauye gefen hanyar Daura zuwa Kongolam, ni kuwa sana'ar hatsi ta ajiye ni cikin birnin Katsina. Ba ta karanta boko, don haka saƙon tes ba ya yi mata amfani, saƙon murya ma sai ta jira jikanta ya taso daga makaranta ya buɗe mata. Abin da ya rage tsakanina da ita shi ne kira. Daga yadda ta amsa sallama nake gane ko ta kwana da ciwon gwiwar nan, ko akwai abin da ke cin ta a rai da ba ta son faɗa. Wannan kiran, da na abokan ciniki, da wasu guda biyu ko uku masu ɗaci da suka faɗo a kaina, su suka koya mini abin da zan jera a nan.

Waɗanda suka girme mu sun san zamanin NITEL, kamfanin wayar gwamnati, lokacin da lambar Katsina ke farawa da 065, wayar kuma sai ofis ko gidan mai hali. A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, kuɗin kira kuwa na minti ne, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire na minti guda. Sai a 2003 Glo ta zo da lissafin daƙiƙa. Shekarun nan na tsada su suka koya mana filashin da magana a guje, kuma ɗabi'ar ba ta sake mu ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, gaggawar ta sake samun dalili. Maganin tsada dai shi ne ka shirya kafin ka danna lamba, yadda minti uku za su ɗauki gaisuwa da saƙo da addu'a ba tare da ka tauye ko ɗaya ba.

Mataki na farko, ka tambayi kanka ko maganar ta kira ce ma. Lambar asusun banki, kwatancen gida, adadin kaya, waɗannan rubutu ya fi riƙe su. Rasuwa, rashin lafiya, ban haƙuri, tunin bashi da gaisuwar iyaye kuwa murya suke so, domin rubutu ba ya nuna ko kana cikin fushi ne ko kana lallashi, mai karantawa shi ke sa masa sautin da ya ga dama. Akwai kuma wadda ƙafa take so. Idan kana Ƙofar Marusa aka yi rasuwa a Ƙofar Sauri, ka kira ka yi ta'aziyya ka zauna abinka, mutanen gidan za su amsa maka, amma sun lura. Neman aure ma haka, amfanin waya a cikinsa shi ne a tsayar da ranar da manya za su zo.

Na biyu, ka shirya wayar da kanka. Tun 2023 aka daidaita lambobin dukkan layuka: *310# na nuna kuɗin da ya rage, *311* sai lambobin kati sai # na sa kati, *303# kuma na rance ne idan ta kama dole. Ka duba kafin ka kira, kada kana tsakiyar ba Kawu haƙuri kuɗi su ƙare, shi kuma ya ɗauka kashe masa waya ka yi. Ka duba caji, musamman idan an kwana biyu ba wuta. Sannan ka nemi wuri. Cikin kasuwa, kusa da janareta ko injin niƙa, kai kana jin kanka, amma wanda ke can ɓangaren hayaniya kawai yake sha. Ka shiga zaure ko bayan rumfa. Idan sandunan sabis ɗaya ne ko biyu, ka fito fili, kuma da zarar ka samu inda murya ta fita ka tsaya a nan, ka daina zagaye.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala tamu. A wajen Kongolam, Mai'adua da Jibiya, waya kan tsallaka da kanta ta kama sabis ɗin Nijar, sai kira ya ƙi shiga ko kuɗi su zube da sauri saboda an lissafa ka a matsayin wanda ke ƙasar waje. Ka kalli sunan kamfanin da ke saman allo. Idan baƙo ne, ka shiga saitin layi, ka cire zaɓin da waya ke yi da kanta, ka zaɓi kamfaninka da hannu. In kuma Maraɗi ko Damagaram za ka kira, lambar na farawa da +227, ta Saudiyya +966. Lambobin gida ma ya fi kyau ka adana su da +234 a gaba, ka cire sifilin farko, don su yi maka aiki ko kana wajen ƙasa.

Shirin da ya fi waɗannan duka shi ne ka san abin da za ka faɗa. Ni takarda nake samu, ko bayan rasit, in rubuta kalma uku: kuɗin mota, ranar loda, buhu nawa. Wanda bai yi haka ba shi ne mai kira sau uku a jere yana cewa "af, na manta".

Na uku, lokaci. Kira sallama ce a ƙofar ɗakin mutum, har ta fi ta ƙofar gida kutsawa, tunda wayar tana ƙarƙashin matashinsa. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya a huta, da bayan sallar isha'i. In na cikin gida ma an ce su dakata, ina ga kai da ke nesa? Ka ƙara da lokutan salla, da hantsin Juma'a zuwa a sauko daga masallaci, da dab da shan ruwa a watan azumi. Manomi da damina, ka bari sai ya dawo gida bayan la'asar, domin da safe wayar na rataye a jikin bishiya cikin aljihun riga. Mai 'yan uwa a Makka ko Madina ya tuna sun riga mu da awa biyu, ƙarfe tara na darenka sha ɗaya ne a wurinsu.

Kiran tsakar dare kuwa, a wannan yanki namu, tsinka zuciya yake yi. Duk wanda ke da dangi a Batsari, Safana, Faskari ko Ƙanƙara ya san abin da ke fara zuwa masa a rai idan waya ta yi ƙara ƙarfe biyu na dare. Kada ka jefa mutum cikin wannan firgici a kan abin da zai iya kaiwa safiya.

In ka kira ba a ɗauka ba, akwai ma'auni a hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim: neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka koma. Ka kira, ka ba da tazara, ka sake, sannan ka bar gajeren saƙo mai ɗauke da sunanka da dalilinka. Mutum ya fito daga wanka ya tarar da kira goma sha biyu daga lamba ɗaya, gabansa zai faɗi, in kuma ya ji maganar ba ta taka kara ta karya ba, gobe ba zai yi saurin ɗauka ba. Filashin kuma ƙarami ba ya yi wa babba, sai in su suka ce a riƙa yi musu. Wanda ke da buƙata shi ke kashe katinsa.

Na huɗu, buɗe magana. Ka yi sallama cikakkiya, ka faɗi sunanka nan take, ko da kana zaton yana da lambarka. Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labarin ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce wane ne, ya ce "ni ne", Annabi ya maimaita "ni, ni" kamar bai so amsar ba. Wasan "ba ka gane mai magana ba?" yana kunyata dattijon da jinsa ya ragu, kuma ita ce ƙofar da 'yan damfara ke bi, don da zarar ya canki suna sun ce su ne. Ga yadda nawa kiran yake farawa ranar Juma'a da yamma:

"Salamu alaikum, Inna, ɗanki ne na Katsina. Ina wuni?"

"Wa alaikumus salam. Lahiya lau. Ya iyalin naka? Ya 'yan makaranta?"

"Duk lafiya, suna gaishe ki. Ya ƙarfin jiki? Gwiwar ta bar ki kin yi barci?"

"To, da sauƙi dai."

Wannan "da sauƙi dai" da ta ja shi, da ɗan shirun da ya biyo baya, shi ke sa in kira ƙanena in ce gobe ya kai ta asibiti a Daura. Da na tsallake gaisuwa na faɗa kan abin da ya sa na kira, da ban ji shi ba. Don haka kada ka ɗauki gaisuwa a matsayin ɓarnar kati. Ga malami ka ce "Allah gafarta Malam", ga mai sarauta "ranka ya daɗe", ga abokin ciniki ka tambayi kasuwa da iyali. Bayan nan sai tambaya ɗaya da mutane da yawa ke mantawa: "Kana da sarari mu yi magana, ko in sake kira?" Mai yiwuwa yana tuƙi, ko yana gaban surukinsa. Idan ka sa wayar a sifika akwai wasu a wurin, ka faɗa masa tun kafin ya buɗe baki. Idan matar wani ce za ka kira kan wata buƙata, ka bi ta wurin maigidan in da hali, in kuma ita ce ta ɗauki wayarsa, ka gaisa, ka bar saƙo a taƙaice.

Na biyar shi ne saƙon kansa, kuma a nan zan daɗe, saboda mafi nauyin abin da waya ke ɗauka shi ne labarin mutuwa.

Shekarun baya wani baffanmu ya rasu da asuba. Kafin a kira 'yarsa da ke aure a Funtua, wani yaro cikin dangi ya riga ya sa hotonsa a WhatsApp da "Allah ya jiƙanka". Ta gani tana tsaye a madafi, ita kaɗai a gida, da tsohon ciki. Maƙwabta ne suka ji kukanta suka shigo. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin minti goma na haƙuri da sun isa a kauce wa wannan.

Ga yadda ake yi. Kafin kowa ya taɓa waya, mutum biyu ko uku na gidan su zauna su lissafa waɗanda dole su ji daga baki: iyaye, 'ya'ya, mata ko miji, 'yan uwan ciki ɗaya. A raba sunayen, kowa ya san wanda zai kira, kuma a gaya wa matasan gidan kada wanda ya sa komai a intanet sai an ce an gama. Ga mai rauni, wato tsoho, mai ciki, ko mai hawan jini, kada a kira shi kai tsaye. A kira mijinta, ko maƙwabci, ko limamin unguwa, a ce ya je ya zauna kusa da shi, shi ya faɗa masa, ko a kira yana wurin.

Idan kai ne mai faɗa, ka fara da sanin inda yake. "Yaya, kana ina yanzu? Wa ke kusa da kai?" In kan babur yake ko cikin mota yana tuƙi, ka ce ya samu wuri ya tsaya ya kira ka. Sannan ka shiga da sannu yadda manyanmu ke yi, ka ambaci rashin lafiyar, ka ce jikin ya tsananta cikin dare, sai ka faɗa: "Sai dai haƙuri, Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shimfiɗar nan jimla biyu ce ko uku, kada ta zama ja-in-ja har mutum ya fara roƙonka ka faɗa masa gaskiya. Ban kuma yarda da a ce wa mutum "yana nan da rai, ka dai taho" alhali an riga an rufe masa ido ba. Zai iso ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, kuma daga ranar duk kiran da ka yi masa sai ya yi shakka. Bayan ka faɗa, ka yi shiru, ka bar shi ya yi kuka ko salati. In ya natsu ka gaya masa lokacin jana'iza da wurinta, ka maimaita, domin mu ba ma jinkirta binnewa, kuma wanda ke cikin ruɗu ba ya riƙe lokaci. Ka bi shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da lokacin da wurin kawai.

Kiran ciniki ya fi sauƙi, amma shi ma yana da tarkonsa. A layin da ke yankewa, "talatin" da "tamanin" kusan ɗaya suke a kunne, haka "biyu" da "biyar". Ka maimaita adadi da wata siga: "Buhu talatin, uku da sifili, na gero, a kan nawa muka tsaya?" Ka bar shi ya faɗi farashin da bakinsa. Kuna gamawa ka tura saƙon abin da kuka yanke, ya amsa da "haka ne". Tunin bashi kuwa ka tabbata shi kaɗai ne, ka ambaci adadin da ranar da aka yi alkawari, ka nemi sabuwar rana takamaimai. In ka ji muryarka ta fara hawa, ka ce za ka sake kira, don abin da aka faɗa cikin fushi a waya ana iya naɗarsa a yaɗa.

Na shida, idan layi ya katse. Wanda ya kira shi ke sake kira, ɗayan ya jira, in ba haka ba kowa zai riƙa jin layin ɗan uwansa a cike. Tsakanin babba da ƙarami kuwa ƙaramin ne zai kira. Idan Inna ta kira ni nakan ɗauka in amsa sallama, in ce "bari in kira ki yanzu", sannan in katse, don kada katinta ya tafi kuma kada ta ji kamar an ƙi ɗauka. Kiran WhatsApp ya fi araha zuwa ƙasar waje, amma sai ku biyun kuna da data da sabis mai ƙarfi, kuma murya kan makara kafin ta isa, saboda haka ka ɗan dakata bayan kowace jimla kada ku riƙa hawa kan maganar juna. Cikin saitinsa, sashen ajiya da data, akwai maɓallin rage cin data lokacin kira. In ya ci gaba da yankewa ka koma kiran kati, shi ko ƙaramar waya mai madannai tana ɗaukarsa a inda intanet ba ta kai. Taron dangi kuma ana iya haɗa shi a kira ɗaya: ka kira na farko, ka danna ƙara kira, ka kira na biyu, ka haɗe su. WhatsApp na ɗaukar har mutum 32, sai dai a naɗa babba ɗaya mai ba da dama, sauran su rufe makirufo.

Wanda ya zauna a Jibiya, Dutsin-Ma, Malumfashi ko Funtua a Satumban 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ya ga mutane na biyan kuɗin mota zuwa wani gari don kawai su ce wa 'ya'yansu suna lafiya. Tun daga lokacin na rubuta muhimman lambobi goma a littafi, na kuma riƙe lambar wani mai shago a ƙauyenmu wanda layinsa ba irin na Inna ba ne.

Na bakwai, idan kai aka kira daga lambar da ba ka sani ba. Ka amsa sallama, ka bar shi ya faɗi ko wane ne, kada ka taya shi da suna. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambobin da aka turo maka yanzu ta tes. Duk wanda ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka don a sa ka a wani taro ko tallafi, asusunka na WhatsApp ko na banki yake son ƙwacewa. In an ce ɗanka ya yi haɗari a turo kuɗi maza, ka katse, ka kira ɗan da kanka, ko wanda suke tare. Gaggawar da suke ɗora maka ita ce makaminsu. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Koke kan kamfanin layi ka fara da 300, in ba a warware ba ka kira NCC a 622 kyauta. Saƙonnin talla da suka dame ka kuwa, ka tura kalmar STOP zuwa 2442.

Sai rufewa. Ka maimaita abin da aka tsayar cikin jimla ɗaya, ka aika gaisuwa ga mutanen gida, ka saurari addu'ar babba har ƙarshe kana amsawa da amin, ka bar shi ya fara katsewa. Sannan ka kalli allon wayar da idonka ka tabbata kiran ya mutu kafin ka juya ka ce wa na kusa da kai komai game da wanda kuka gama magana da shi.

In kana da tsohuwa a ƙauye, ranar da ka je gida ka karɓi wayarta ka yi mata aikin minti biyar. Ka shiga saitin kiran gaggawa na madannai, ka ɗora lambarka a kan 2, ta ƙaninka a kan 3, ta maƙwabci a kan 4, ka nuna mata ta danna ta riƙe har ya fara shiga. Ka ƙure ƙarar wayar, ka sa wa lambarka sautin da ya bambanta da na kowa, ka biya mai cajin waya na bakin kasuwa kuɗin wata guda. Sannan ku tsayar da rana. Tamu Juma'a ce bayan la'asar, kuma ƙanena ya ce tun azahar take ɗaure wayar a bakin zane, ta jawo tabarma zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida, inda sabis ya fi kamawa.